Damagaram: Daga Majema Zuwa Rumfar Baduku

Daga Yamai zuwa Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Matafiyi zai ratsa Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa, ya yada zango a Maraɗi, ya wuce Tasawa da Takeita, kafin ya hango manyan duwatsun nan da ke kwance cikin birnin Zinder kamar garken giwaye. In mai lura ne, tun kafin ya kai Maraɗi zai ga awakin bakin hanya sun sake kama: dogayen nan na arewa masu dabbare-dabbare suna raguwa, gajeru jajaye masu sheƙin gashi suna ƙaruwa. Wannan jar akuya, wadda littattafan Faransawa suka sani da sunan Maraɗi, mutanen Nijeriya kuma suke danganta ta da Sakkwato, fatarta ce ta kai aikin wannan yanki har bayan teku tun kafin zuwan Nasara.

Abin da ya sa ya dace a tuna da wannan shi ne matsayin da jakar hannu ta samu a yau. A Yamai da Maraɗi da Tawa, akwatin lefe ba ya cika sai da jaka da takalmi mahaɗinta. Ma'aikaciya ba ta fita aiki ba jaka a kafaɗa, babban ma'aikaci kuma yana son jakar takardu wadda ta yi daidai da muƙaminsa. Ƴan kasuwa na sauko da su daga Dubai da Sin da Turkiyya da Kwatano, ɗauke da tambarin manyan kamfanonin Pari da Milan, har akan sami mai zuba rabin albashinsa a kan guda ɗaya. Damina ɗaya da hunturu ɗaya sun isa su tona asirin da yawa daga cikinsu: fuskar ta ɗaɗɗaye, maratayi ya tsinke, ƙarfen ya yi tsatsa. Mai saye ya yi asara, mai kanti kuma ya rasa abokin ciniki. Alhali kuwa ilimin gane fata yana nan cikin ƙasa, kyauta, ga duk wanda ya yarda ya yi yini guda tsakanin majema da dukawan Damagaram.

GARIN AYARI

Tsohon garin kashi biyu ne. Akwai Birni, inda fadar Sarki take, mai ƙananan lunguna da gidajen ƙasa masu zane a fuska. Akwai kuma Zango, inda fatake da Buzaye suka saba sauke raƙumansu. Sauran unguwanni sun taso ne bayan shigowar Faransawa a 1899. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, aka ɗaukaka ganuwa, aka ƙera igwa, garin ya zama babbar mahaɗa tsakanin Kano da Barno da Agadas. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Tarabulus ta nan yake bi, ya hau Abzin, ya faɗa Gat da Gadamas. Bajamushen nan Barth, wanda ya ga Kano a 1851 ya kuma sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa takalma da jemammun fatu na cikin manyan kayan da Kano ke aikawa arewa. Zuwa ƙarshen wancan ƙarni, hauren giwa da gashin jimina da fatar akuya su ne kan gaba cikin kayan ayari, kuma attajiran garin irin su Malam Yaro da wannan fatauci suka yi suna.

Fatar da ta isa gaɓar Bahar Rum, Turawan da ke sayenta ba su damu da sanin inda aka yi kiwon akuyar ba. Da ma suna kiran jemammiyar fatar akuya mai laushi da sunan ƙasar Maroko, sai ta ƙasar Hausa ta shige cikin wannan suna ta ɓace. Daga sunan nan ne Faransanci ya sami kalmar maroquinerie, wadda mai karatu ke gani a allon kantunan sayar da jaka. Masu ɗaure littattafai na Ingila ne suka yi ɗan adalci daga baya, suka ware wani irin jemammiyar fatar akuya suna kiran ta da sunan Neja. Ke nan tun wancan zamani wahalar ta mutanen nan ce, sunan kuwa wani ne ya ɗauka.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar da Italiya ta kama Tarabulus. Ayari ya mutu, fata ta juya kudu zuwa tashar Ikko. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin mulki daga Zinder zuwa Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Gwamna ya tashi da ma'aikatansa, amma majemi da baduku suna nan inda iyayensu suka bar su.

A MAJEMA

Baƙo ba ya buƙatar ɗan jagora in zai je majema, hancinsa ya ishe shi. Majema kan zauna gefen gari, inda akwai fili da hanyar zubar da ruwa. Da sassafe za a tarar da su tsugunne bakin ramuka da manyan kwatarni, hannuwansu sun rine har gwiwa, yara na dakan bagaruwa a turmi, ƴan garuwa na shigowa da ruwan da aka saya da kuɗi, domin a Damagaram ruwa bai taɓa zama abin wasa ba. Fatu na rataye bisa igiya, wasu farare sol, wasu launin ƙasa, wasu jajaye kamar garwashi.

Darasin farko da ake ɗauka a nan shi ne, darajar jaka tana somawa tun dabbar na da rai. Akuyar da kaska ta sha, ko ƙazuwa ta kama, ko ƙaya ta yayyaga, ko aka yi mata lalas a gadon baya, duk tabon yana nan har ranar da jakar za ta tsufa. Bayan haka sai wuƙar mai fiɗa. In ya yi gaggawa ya zurma wuƙa, ko da bai huda ba, wurin ya riga ya yi rauni. Sai kuma shanya: fatar da aka baje a ƙasa cikin tsakar rana, bayanta ya ƙone cikinta bai bushe ba, tana shiga ruwan majemi za ta ruɓe a wurin. Shi ya sa majemi, kafin ya yi tayi, yakan ɗaga fata ya sa ta tsakaninsa da rana. Duk inda haske ya ratso fiye da sauran wurare, nan ne wuƙa ta yi ɓarna, kuma nan ne kuɗin ke raguwa.

Jima kanta mataki-mataki ce, ba a tsallake ko ɗaya. Ana jiƙa fata ta saki. Ana tsoma ta cikin ruwan toka mai kauri har gashi ya yi laushi, a kankare shi da kartaji, a juya a kankare sauran nama da kitse. Sannan a sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tattabara, wasu kuma su yi amfani da tsiron fatakka, don ta yi taushi ta saki tokar da ta sha. Daga nan ne warin majema ke fitowa. Bayan an wanke ta sarai, sai ta shiga ruwan bagaruwa, a riƙa murza ta, ana juyawa, ana sabunta ruwan, kwana da kwanaki. Sinadarin da ke cikin kwasfar bagaruwa ne ke ratsa jijiyoyin fata ya ɗaure su, ya hana ta ruɓa. In ta sha ta ƙoshi, a wanke, a shafe ta da man gyaɗa, a shanya a inuwa, a miƙe ta, a bubbuga har ta yi laushi.

Ga yadda ake gane ko majemi ya yi haƙuri ko ya yi gaggawa. A yanki ɗan bakin fatar a dubi kaurinta. In launin ɗaya ne daga sama har ƙasa, jima ta ratsa. In kuwa akwai wani siririn layi fari a tsakiya, to wurin ɗanye ne, kuma jakar da aka ɗinka da ita za ta ƙandare da hunturu, ta yi wari da damina. Yawancin warin da mutane ke ƙi a kayan fatar gida daga nan yake, ko daga wanki marar kyau, ko daga man da ya daɗe ya lalace. Fatar da ta jemu sosai ƙamshin ice da ƙasa take yi.

Rini ma da nasa ilimi. Jan nan da ya yi suna, daga karan dafi ake samunsa, a haɗa da kanwa. Baƙi daga tsatsar ƙarfe yake, domin ƙarfe na haɗuwa da bagaruwar da ke jikin fata sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Rawaya daga saiwoyi irin su gangamau, koren korino kuma daga garin tagulla. A yau galura ta kanti ta shigo, ta fi sauƙi ta fi araha, amma in ba a kama ta da kyau ba takan zuba a jikin farar riga.

Manyan masana'antun Kano, a Sharaɗa da Calawa da Bompai, ba da bagaruwa suke yawancin aikinsu ba. Da sinadarin kurom suke jima, kamar yawancin masana'antun duniya, kuma abin da ke cin kwanaki a nan, can yini guda ya ishe shi. Ana gane irin wannan fata da bakin yankanta, wanda kan yi toka-toka mai ratsin shuɗi. Ba aibi ba ne. Ta fi jure ruwa, launinta kuma ya fi daidaita. Ta bagaruwa kuwa ruwa na yi mata tabo, amma tana ƙara duhu da sheƙi in ta sha hannu, har ta shekara goma ta fi ranar da aka saye ta kyau. Mai saye ya san wadda yake biya, shi ke nan.

A RUMFAR BADUKU

Daga majema fata ke wucewa hannun baduku. Dukanci sana'ar gado ce a ƙasar Hausa, ta maza, har da sarautarta ta Sarkin Dukawa a fadoji. A wajen Buzaye kuwa matan maƙera ne ke aikin fata, su ne masu jakunkunan raƙumi masu dogayen geza. Kakannin dukawan yau su ne suka yi wa sarakuna kayan doki da kube, suka yi wa malamai gafaka, wanzamai zabira, fatake alabe da burgami. Jikokinsu na zaune a zaurukan Birni da Zango, da rumfunan kasuwar Dole, da cibiyar masu sana'ar hannu ta garin, suna ɗinka jakar mata da jakar takardu da ɗamara da takalma. Wanda ya zauna kusa da su ya ga yadda suke karɓar jakar da wani ya ɗinka, zai lura ba su fara duban tambari. Hanci suke fara kaiwa, sannan yatsa, sannan su juya cikinta waje.

Tambayar farko ita ce, fata ce ko roba? Fatar gaskiya tana da ƙananan ƙofofin gashi waɗanda ba su jeru daidai wa daida ba, bayanta kuma gashi-gashi ne kamar na ɓawon kuka. Ta roba bayanta yadi ne, zanen fuskarta yana maimaita kansa domin inji ne ya buga shi, kuma in rana ta buge ta warin leda take yi. A ɗiga ruwa kaɗan a wurin da ba a gani: fatar bagaruwa za ta sha a hankali ta yi duhu, roba kuwa ruwan zai gangare. Akwai kuma ta tsakiya, wadda ta fi ruɗar mutane. Masana'antu kan tsaga fatar saniya gida biyu, su sayar da ta sama da tsada, ta ƙasan kuma su shafe ta da roba su buga mata zane. Mai kanti bai yi ƙarya ba in ya ce fata ce, amma fuskar da ake gani roba ce, kuma ita ce ke ɗayewa.

Tambaya ta biyu, fatar mece ce, kuma daga wane sashe na jiki? Fatar akuya siririya ce amma jijiyoyinta a matse suke, shi ya sa ake yin safar hannu da takalman ƙawa da bangon littafi da ita. Ta tunkiya ta fi laushi a hannu, ta fi saurin yagewa, kuma akwai masu sayar da ita da sunan ta akuya. A fata ɗaya ma, gadon baya ya fi ƙarfi, ciki da hammata sun fi saki. Baduku mai tsoron Allah daga gadon baya yake yanka fuskar jaka da maratayi, ya bar na ciki don aljihu. A lanƙwasa fatar tsakanin yatsu biyu: in ta yi ƙananan tamoji waɗanda suka ɓace da an saki, ta ƙwarai ce, in ta yi manyan tamoji kamar fuskar na son rabuwa da jiki, daga ciki aka yanko ta, in ta tsage, a ajiye ta a yi gaba. Tun da fatar akuya ƙarama ce, babbar jaka na cin fiye da ɗaya, don haka a duba ko gaba da baya da gefe launinsu da kaurinsu sun zo ɗaya.

Na uku, ɗinki. A bi layin da ido daga farko har ƙarshe. Tazarar da ke tsakanin huji da huji ta zama ɗaya a miƙe da kuma a kusurwa, domin a kusurwa ne hannun koyo ke bayyana. Ɗinkin hannu na asali, wanda ake huda fata da basilla a bi da zare biyu suna gicciye cikin kowane huji, in zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe. Na keke kuwa in ya tsinke wuri ɗaya, ana ja sai ya warware. Wannan bai hana ɗinkin keke mai kyau ya fi ɗinkin hannu na ganganci ba. Inda ya fi cancanta a tsananta bincike shi ne mahaɗar maratayi da jikin jaka, don nan ne dukan nauyi ke sauka. In manne shi aka yi da gam aka bi da ɗinki layi ɗaya, kwanansa ƙidayayye ne.

Na huɗu, baki da ciki da ƙarfe. Bakin fata ko dai a fere shi a naɗe a ɗinke, ko a goge shi har ya yi santsi; wanda aka bari yana tsittsige alamar gaggawa ce. A zura hannu ciki a ji abin da aka yi shafi da shi. Siririyar fata ko yadi mai ƙarfi shi ake so. In an ji wani abu na ƙara kamar takarda, kwali ne aka cusa don jakar ta tsaya, kuma ruwan farko zai narkar da shi. A ja zip sau goma a jere. A auna maɓalli a tafin hannu: tagulla tana da nauyi, kuma in ta karce launinta ɗaya ne har ciki, na banza kuwa fenti ne bisa farin ƙarfe. Daga ƙarshe a jiƙa farin ƙyalle a goga a gindin jakar. Abin da ya fito a ƙyallen, shi ne zai fito a jikin shadda ranar biki.

SUNA LINZAMI

Duk waɗannan gwaje-gwaje, su ne dai ake yi wa jakar da ta fi kowace tsada a Turai. Kamfanin Hermès na Pari an kafa shi a 1837, kuma da kayan doki ya fara, wato dukanci irin na fada. Ɗinkin da yake alfahari da shi har yau na masu sirdi ne, allura biyu da zaren da aka shafa wa kakin zuma. Kamfanin ya ce ma'aikaci ɗaya ne ke haɗa jaka ɗaya daga farko har ƙarshe, aikin awa 15 zuwa 20 ko fiye, ya kuma buga mata alamarsa a ciki, ta yadda ko bayan shekaru aka kawo ta gyara an san hannun da ya yi ta. Shahararriyar jakarsa mai suna Birkin, wadda aka ƙirƙiro a 1984, ƙaramarta ta fatar maraƙi ta kai wajen Yuro dubu 9 zuwa dubu 10 a 2025. Tun da Yuro guda ya kusa sefa 656, kuɗin ya tasam ma miliyon 6 ko ya ɗara.

Fata da aikin hannu, komai kyansu, ba su kai wannan adadi ba. Ragowar kuɗin suna ne. A ranar 10 ga Yuli 2025, a gidan gwanjon Sotheby's na Pari, aka sayar da jakar farko da aka yi wa ƴar wasa Jane Birkin, tsohuwa, duk ta karce ta sha hannu, a kan Yuro miliyon 8 da dubu 600 ba kaɗan, wato sama da sefa miliyar 5 da rabi. Wani kamfanin Japan ne ya saya. Babu majemin da zai ɗaga wannan jaka a rana ya ga inda kuɗin suka shiga.

Suna kuma ba kullum yake tafiya da gaskiyar aiki ba. A watan Yuni 2024 wata kotun Milan ta sa wani reshen kamfanin Dior da ke Italiya ƙarƙashin kulawarta, saboda halin da aka sami ma'aikata a ƙananan masana'antun da ke yi masa ɗinki. Takardun shari'ar sun nuna ana biyan Yuro 53 ladan haɗa jaka ɗaya, ban da kuɗin fata, wadda ake sayarwa Yuro 2600 a kanti. Da kuɗin nan, ladan ɗinki jika 35 ke nan a kan jakar miliyon 1 da jika 700. An ɗage kulawar a Fabrairu 2025.

Saboda haka kuɗin kowace jaka kashi uku ne: na fata, na hannu, da na suna. Biyun farko mutum na iya auna su da kansa a gaban mai kanti. Na ukun amana ce kawai, kuma a jikin jabu bai kai ko dala ba. Waɗannan manyan kamfanoni ba su da kanti a Nijar, saboda haka jakar da ke ɗauke da sunansu a rumfar kasuwa kan jika 20 ko 30 ta riga ta faɗi ko ita wace ce. Ma'aikacin da ake aikawa Turai ya kuma sani cewa duwan na Faransa suna da ikon ƙwace kayan jabu ko a kafaɗar matafiyi suke, su ɗora masa tara.

ABIN DA YA RAGE WA GIDA

In za a feɗe biri har wutsiya, jakar Damagaram ma tana da nata laifi. Sau da yawa fatar ta ƙwarai ce, hannun ma gwani ne, amma zip da maɓalli na araha ne da aka sayo daga waje, shafin cikin leda ne, rinin bai kamu ba. Ɗan kasuwar da ya ba da aikin jaka 100 iri ɗaya yakan karɓi jaka 100 kowace da nata tsawo, domin da ido aka yanka, ba da ma'auni ba. Dukawa kuma na da amsarsu: mai saye na gida yana biyan jabun Dubai ba ciniki, in ya zo rumfarsu sai ya yi tayin da bai kai kuɗin fata ba. Wanda aka matse a farashi, a zip da shafi zai fanshe. Araha dai ba ta ado.

Babbar asarar ma ba a rumfa take ba. Mafi yawan fatun ƙasar ɗanyu suke ƙetare iyaka zuwa Nijeriya, inda masana'antun Kano ke jeme su rabi-rabi su aika Italiya da Sifaniya, ƙirgin shanu kuma da yawa a tukunya yake ƙarewa a matsayin ganda. A shekarun 1970 da 1980 kamfanin SNCP ne ke tattara fatu, masana'antar SONITAN ta Maraɗi kuma na jima. Dukansu biyu sun durƙushe. Cibiyar kiwon jar akuya da aka buɗe a Maraɗi a 1963 an kafa ta ne don kare irin, domin barbara da sauran awaki na rage kyan fatar. A farkon shekarun 2020 an yi wa fatar jar akuyar Maraɗi rajistar tambari a hukumar OAPI da ke Yawunde, daidai lokacin da kilishi da albasar Galmi da cuku suka sami tasu shaida. Wannan shi ne karon da sunan ya fara komawa ga masu shi, amma takarda ba ta ɗinka jaka.

Masu sayen da suka riƙe dukawa a da su ma sun ja baya. Turawan yawon buɗe ido da ke cika Agadas da Zinder a shekarun 1980 sun ragu tun tawayen 1990, na 2007 da rashin tsaron da ya biyo baya suka ƙarasa sauran. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan Yuli 2023 har farkon 2024, kuma kowane rufi yana taɓa farashin fata da na kayan aiki. Akwai rumfunan gidan tarihi na ƙasa da na Wadata a Yamai, akwai baje kolin SAFEM da ake yi tun 2000, amma baje koli na ƴan kwanaki ne, baduku kuwa kullum yake cefane.

Mai sayen da ya rage shi ne na gida, wato ɗan kasuwa da ma'aikaci. Kowace shekara ma'aikatu da ƙungiyoyi na shirya tarurruka, ana raba wa mahalarta jakunkunan roba da aka sayo daga waje, waɗanda ba su kai taro na gaba. Da za a ba ƙungiyoyin dukawan Zinder da Maraɗi da Tawa da Dakwaro wannan aiki, da ma'auni a rubuce, da samfuri guda da aka amince da shi, da rabin kuɗi a gaba don su sayi zip da tagulla na ƙwarai, da an ga bambanci cikin shekara ɗaya. Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ma, maimakon ya cika akwati da jabu, yana iya sauko da kayan ƙarfe da zare masu kyau, waɗanda su ne dukawa suka rasa. Magidanci kuma yana da nasa rabo ranar Layya: ya nemi mai fiɗa da ya iya, ya sa wa fatar gishiri ko ya shanya ta a inuwa, ya miƙa ta da wuri.

Wanda hanya ta kai shi Damagaram, Alhamis ce babbar ranar kasuwa. Ya fara da majema da sassafe kafin rana ta ɗaga wari, ya wuce zaurukan dukawa da hantsi, ya riƙe farin ƙyalle a aljihu. In ya sami jakar da ta ci dukan gwajin nan, ya tambayi sunan wanda ya ɗinka ta, ya roƙe shi ya buga alamarsa a ciki, sannan ya biya shi kuɗin aikinsa ba tare da ya matse shi ba. Ko nawa ya bayar, ba zai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ta Pari ba, kuma in maratayi ya tsinke bayan shekaru, ya san ƙofar da zai yi sallama.